Ƙusar da Aka Yi Don Ta Karye

Sau uku a yini guda ta karye min,
'yar ƙusar nan da ba ta kai yatsa ba.
Kowane karo sai in kashe tarakta,
in diro cikin kacala, sifana a hannu,
ina lalube a laka kamar mai neman kwabo.
Rana ta karkata ta bayan Auyo,
ni ko rabin fadamar ban share ba.

Haladu bakanike ya taɓa gaya min,
yana goge giris a gefen wando:
"Da gangan aka yi ta raguwa.
Tsakanin sandar juyi da wuƙaƙe aka tsayar da ita,
in bugu ya zo, ita za ta mutu."
Na ce to. Irin to ɗin direba,
ta nan ya shiga, ta can ya fita.

Ranar kasuwa na sauka Haɗeja,
na bi layin masu kayan tirela,
na zaɓo baƙar ƙusa mai taurin kai
wadda guduma ke jin kunyarta.
Na ɗaura, na tamke, na yi wa kaina kirari.
Kwana biyu ban diro ba ko sau ɗaya,
ciyawa na kwanciya a bayana kamar tabarma.

Rana ta uku, bayan azahar,
a gonar Malam Tanimu, gefen kududdufi,
akwai kututturen ƙirya a ɓoye,
tun zamanin kakansa yake jirana.
Ban gan shi ba. Jin sa na yi,
ta kujera ya hau, ya tsaya a haƙorana.
Ƙusata ba ta karye ba, wallahi ko lanƙwasa.
Sanda ce ta murɗe kamar igiyar guga,
bugun ya wuce ta, ya kutsa ciki,
ya iske giya, ya zubar mata da haƙora.
Baƙin mai ya yi ta ɗiga a kan ciyawa.
Balbelu suka tashi, suka dawo,
suka ci gaba da tsintar fara.

Bijimai huɗu suka ja mu gida,
yara a baya suna tafi.

Ba tawa ba ce, ta ƙungiya ce,
mutum ashirin da bakwai suka haɗa kuɗinta.
Mako bakwai ta yi gindin tsamiya
har kaza ta yi kwanci a ƙarƙashinta.
Iya Baraka, da ta sayar da rago ta zuba nata,
ba ta taɓa ce min uffan ba,
kullum sai "Sannu da aiki, direba."
Da ma zagina ta yi.

Haladu da ya buɗe cikin giya
bai yi tsaki ba. Ya kwance baƙar ƙusar,
lafiya lau, tana ƙyalli,
ya sa min a tafin hannu. "Ajiye."

Yanzu sai na taka gona da ƙafata tukuna.
Inda suri yake, inda dutse ya leƙo,
in kafa kara, in ɗaura tsumma.
Ina ɗaga wuƙaƙe taƙi guda daga ƙasa,
in saki juyi a hankali, kamar mai tashin mara lafiya.
Kulocin da Haladu ya ƙara mana a baya,
farkon aiki nakan sassauta shi ya zame,
kada tsatsar damina ta liƙe farantansa.
A gwangwanin madara, ƙarƙashin kujera,
raguwar ƙusa goma sha biyu na kacau-kacau.

Jiya ɗaya ta karye. Na kashe inji,
na jira wuƙaƙe suka gama magana.
Lawandi, yarona, ya miƙo min sifana,
ya ce, "Oga, ba a samun mai ƙarfi ne?"
Baƙar tana rataye a jikin makullina.
Na cire, na ba shi ya riƙe,
na tsuguna cikin laka.